Inda Dogo Ya Tsaya

Sau biyar Faransawa suka shimfiɗa layin dogo suka liƙa masa sunan "Niger". Akwai wanda ya taso daga Dakar, ya bi ta Bamako ya ƙare a Kulikoro. Akwai na Konakiri da ya isa Kankan a 1914. Akwai na Abijan, wanda ya kai Bobo-Julaso a 1934, ya shiga Wagadugu a 1954. Akwai na Kwatano da ya tsaya a Faraku a 1936. Na biyar shi ne wanda gwamnatin Faransa ta lokacin yaƙin duniya na biyu ta ƙudurta a 1941 cewa zai ratsa Sahara, ya kuma maƙale a kudancin Aljeriya. Galibinsu kogi suke nufi da sunan, wato kogin Isa, wanda ƴan'uwanmu na kudu ke kira Kwara. Ko me suke nufi dai, ko taku ɗaya na waɗannan layuka bai shigo ƙasar da ake kira Nijar a yau ba.

Ni ma'aikaciyar rediyo ce a Maraɗi, kuma na sha karanta wannan jeri a shirin tarihi da nake gabatarwa. Duk ranar da na karanta shi sai wayoyi su yi ta shigowa da tambaya iri ɗaya: "To shi Farakun nan ina yake? Kusa da mu ne ko nesa?" Sai in ce yana tsakiyar ƙasar Benin, kimanin kilomita 300 kudu da Gaya. Mai tambaya ya ce to, ya ajiye waya, ni kuwa na san a raina bai ga komai ba. Kunne yana riƙe labari, yana riƙe suna da shekara idan an maimaita masa, amma ba ya iya riƙe gabas da yamman garuruwa goma a lokaci guda. Mu ma'aikatan rediyo ba mu cika son karin maganar nan ta "gani ya kori ji" ba, tunda da ji muke cin abinci. A kan zancen dogo dai dole na sallama mata.

Na shiga neman taswirar da zan riƙa tura wa masu saurare ta WhatsApp bayan shiri, ban sami wadda ta yi mini ba. Taswirar dogon Najeriya tana tsayawa cak a kan iyaka, daga Jibiya zuwa sama fari fat kamar ba kowa. Ta ƙasashen da Faransa ta mallaka kuwa tana barin Najeriya kamar wani ƙaton rami a tsakiya. Maraɗi tana gefen takarda a kowacce, kusa da inda ake rubuta sunan maɗaba'a. Alhali duk hulɗarmu da jirgin ƙasa a wannan tsakanin take, daidai inda takardun biyu suka rabu. Sai na ga in ina son taswirar da Maraɗi ke tsakiya, ni zan zana ta.

Aikin jarida na karanta, ban taɓa zama ajin zanen taswira ba, kuma manhajojin da manyan ofisoshi ke amfani da su kuɗin lasisinsu ya fi ƙarfin albashina. Abin da ya buɗe mini ƙofa shi ne manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda aka bar rubutun cikinsu a fili, kowa na iya saukewa kyauta, ya karanta, ya gyara, ya ba wani. Uku na dogara da su. QGIS ita ce ta haɗa taswira, wani Ba'amurke mai suna Gary Sherman ya fara ta a 2002. Inkscape ta zane ce, ta fito a 2003. Sai OpenStreetMap, taswirar duniya da Steve Coast ya assasa a Ingila a 2004, wadda masu sa kai ke zanawa titi bayan titi. Idan zan yi wa mutumin ƙauye bayaninsu, gayya nake kawo masa. Ana kiran jama'a su taru su nome gonar mutum ɗaya, kowa ya san gobe za a zo tasa. Sharaɗin waɗannan kayan aiki ma haka yake: in ka gyara manhajar ka raba wa mutane, dole ka bar gyaranka a buɗe, in ka ɗebi bayanan OpenStreetMap, dole ka rubuta a jikin taswirarka cewa daga can ka ɗebo.

Da tsakar dare nake sauke manyan fayiloli, lokacin da intanet ke ɗan sakin jiki. Na ɗauko bayanan Nijar da Najeriya da Benin, na tace su har ya rage layukan dogo da koguna da manyan garuruwa kawai. QGIS falle-falle take aiki, kamar ka jera takardu masu shara-shara ɗaya bisa ɗaya: koguna a ƙasa, iyakoki a kansu, dogo a sama, sunaye a can ƙoli. Kana iya ɗage kowane falle ka ga yadda ƙasa take in babu shi. Ranar da na fara ɗage fallen iyakoki na daɗe ina kallon allon kwamfuta. Katsina da Maraɗi suna zaune kusa da juna kamar wa da ƙane, babu komai a tsakaninsu sai tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba.

Sai dai OpenStreetMap yau take nunawa, ni kuwa jiya nake nema. Don haka na koma ga tsoffin taswirori, waɗanda babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya ɗora a shafinsa na Gallica, da kuma na sojojin Amurka da Jami'ar Texas ta tara. Tsohuwar taswira da aka ɗauki hotonta hoto ce kawai, kwamfuta ba ta san inda Kano take a jikinta ba. Dole ka koya mata. Ka zaɓi wurin da bai taɓa gusawa ba, kamar mahaɗar Kwara da Binuwai a Lokoja, ka danna shi a tsohuwar, ka danna shi a sabuwar, ka ce mata nan da nan wuri ɗaya ne. Ka yi haka sau goma, sau ashirin, kana warwatsa wuraren har kusurwoyi. Daga nan manhajar ta ja tsohuwar takardar ta miƙar da ita bisa sabuwar. Duk wanda ya taɓa ganin an shanya fata ya san aikin: a kafa tsinke nan, a ja a kafa can, har ta kwanta. In tsinken gefe ɗaya ya yi yawa, ɗaya gefen ya tattare. QGIS tana nuna maka a lamba yawan kaucewar kowane tsinke, in ɗaya ya fita daban ka cire shi ka nemi wani wurin.

Bayan fata ta kwanta sai bin layi da hannu, gaɓa-gaɓa. A nan ne aikin ya fara kama da wanda na saba. Kowace gaɓar dogo tana da layinta a wani jadawali da ke bayan taswirar, ni kuma na buɗe mata gurabe biyar: shekarar buɗewa, shekarar rufewa, faɗin dogo, halin da take ciki, da inda na samo bayanin. Dogon Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 zamanin gwamna Girouard, ya shiga Kano a 1911. Reshen Zariya ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Na Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930. Na Maiduguri ya isa a 1964, bayan samun ƴancin kai. Duk gaɓar da ban sami shekararta a wurare biyu mabambanta ba, ban shigar da ita ba. Ƙa'idar da aka koya mana ke nan a makarantar jarida a Yamai, kuma ban ga dalilin da zai sa ta tsaya a bakin ɗakin labarai ba.

QGIS tana da wani maɓalli da ke tafiyar da lokaci. Ka ba ta gurbin shekara, ka danna, ka zauna kana kallon layuka suna tsirowa daga bakin teku. Daga Legas ɗaya ya taso yana hawa arewa. Ya kai Kano ya tsaya. Wani reshe ya karkata yamma, ya kai Ƙauran Namoda ya tsaya. Wani ya yi gabas zuwa Nguru ya tsaya. Daga Kwatano wani ya hau kilomita 438 zuwa Faraku, shi ma ya tsaya. Da suka gama fitowa sai ga su kamar yatsun hannun da aka miƙo daga kudu, kowane yatsa yana nuno mu, babu wanda ya taɓa mu. Na ɗauki ma'aunin manhajar na auna. Daga Ƙauran Namoda zuwa Maraɗi a miƙe bai kai kilomita 120 ba. Daga Nguru zuwa Damagaram bai kai 200 ba. Kusan shekara ɗari ke nan ƙarfe yana kwance a wannan ɗan nisa da mu.

Dalilin tsayawar ba ɓoyayye ba ne, taswirar ce dai ta fito da shi fili. Ba a gina waɗannan layuka don a sada gari da gari ba. An gina su ne don a kwashe kaya zuwa bakin ruwa. Ingilishi sun kai dogo Kano suna sa ran auduga, manoma suka ba su gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa. Kuza kuma ita ta jawo dogo zuwa Jos. Ingila ba ta da dalilin tsallaka iyaka ta yi wa Faransa aiki, Faransa kuma ba ta son kayan ƙasar da ta mallaka su riƙa fita ta Legas. Har faɗin dogon ma bai zo ɗaya ba: na Najeriya milimita 1,067 ne, na Benin 1,000. Bambancin bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, amma ya isa ya hana tarago ɗaya bin layukan biyu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hukumar haɗin gwiwa da Nijar da Dahome suka kafa a 1959 don tafiyar da dogon Kwatano, wadda daga baya aka sani da OCBN. Shekara da shekaru ƙasarmu tana da rabo a kamfanin jirgin ƙasa, alhali babu ko mita ɗaya na dogonsa a cikinta.

Wurin da na fi daɗewa a aikin nan shi ne zaɓen irin layin da zan ja. A rediyo ina da kalmomin kariya. Ina iya cewa "an ce", "ana sa ran", "gwamnati ta yi alkawari". Ina da "wai", wadda Bahaushe ke sa wa magana gaba don ya nuna ba shi ya gani da idonsa ba. Taswira ba ta da "wai". In ka ja baƙin layi daga gari zuwa gari, ka rantse ke nan cewa dogo na nan, kuma mai kallo zai gaskata ka fiye da yadda zai gaskata mai magana, don mutane suna jayayya da baki amma ba kasafai suke jayayya da takarda ba. Saboda haka sai da na ƙirƙiro wa taswirata "wai" ɗinta. Baƙin layi mai kauri na dogon da aka shimfiɗa kuma jirgi ya yi zirga-zirga a kansa ne. Layi mai ruwan toka na wanda aka rufe aka kwashe ne, kamar siririn dogon nan mai faɗin milimita 762 da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 har aka rufe shi a 1957. Layi mai yanke-yanke na wanda ake kan ginawa ne. Ɗigo-ɗigo kuwa na wanda bai wuce baki da takarda ba.

Layuka biyu suka gwada wannan tsari, kuma dukansu namu ne. Na farko shi ne dogon Yamai zuwa Doso, mai kilomita 143, wanda kamfanin Bolloré ya fara a 2014 aka yi bikinsa a 2016. An shimfiɗa ƙarfe, an gina tasha, amma jirgi bai shiga jigilar yau da kullum a kansa ba. In na ja shi baƙi, yaro a Tawa zai ɗauka ana sayen tikiti a Yamai a sauka a Doso. In na share shi, na ƙaryata abin da duk mai bin hanyar Doso ke gani ta tagar mota. Sai na ba shi kamar kansa: siraran layuka biyu, tsakiyarsu fari, alamar dogon da aka shimfiɗa bai ɗauki kowa ba.

Na biyu shi ne na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, mai kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wani abokin aikina ya leƙa allon ya ce, "Haba, ki ja shi baƙi mana, ai an riga an sa hannu, ga aiki ana yi." Na ce masa alkawari kaya ne, gaskiya ne, amma kayan da ba su iso ba ba a rubuta su a littafin karɓa. Yanke-yanke na ba shi. Sai da na cika gurbin faɗinsa na lura da wani abu: milimita 1,435 ne, na Doso kuwa 1,000. Ke nan ko da duka biyun sun tashi aiki, taragon da ya shigo Maraɗi daga Kano ba zai iya hawa dogon Doso ba, ko da wata rana an haɗa su. Wannan tambaya ce da ya kamata mu ƴan jarida mu riƙa yi wa masu yanke shawara tun yanzu, kuma jadawalin taswira ne ya sa mini ita a baki.

Da na tura zanen farko ga masu saurare, gyaran da ya fi kowane amfani daga wani dattijo ya zo, mutumin wajen Madarumfa, wanda jikansa ya nuna masa a waya. Ya bugo ana cikin shiri ya ce, "Ɗiyata, zanenki ya ce jirgi ya tsaya a Kano. To gujiyarmu da me ta je ta same shi? Tashi ta yi?" Na ce, "Baba, a faɗa mana." Ya ba da labarin yadda yana yaro ya ga ana ɗaura wa jakuna da raƙuma buhuna, daga baya manyan motoci suka karɓe su, ana bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina har Kano. Bayansa wata tsohuwa daga Damagaram ta kawo tasu hanyar, ta Matamai da Daura. Wani tsohon direba kuma ya tuna lokacin da aka juya akalar kaya zuwa yamma, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso da Gaya, a tsallaka kogi zuwa Malanbil, a gangara ta Kandi har tashar Faraku. Wannan ya yi daidai da shirin da Faransawa suka ƙaddamar a shekarun 1950 da sunan Hirondelle, wato tsattsewa, don kayan Nijar su bi ta Dahome maimakon Najeriya.

Sai na buɗe sabon falle, mai launin jar ƙasa, na hanyoyin da suka cike gurbin dogo. Su ma na sa musu ƙa'idar shaida biyu: sai mutum biyu da ba su san juna ba sun ambaci zango ɗaya kafin in ja layi ta kansa. Da wannan falle ya hau, taswirar ta sauya ma'ana. Farin filin da ke tsakanin ƙarshen dogo da garuruwanmu ya cika da sawun mutane da dabbobi da tayoyi. Kakanninmu sun yi hulɗa da jirgin ƙasa tsawon rayuwarsu, da yawansu ba su taɓa ganinsa ba. Gumin su ne ya cika taragonsa.

Aikin ƙarshe a Inkscape na yi shi. Ita ba ta ajiye zane a matsayin hoto, lissafin layi take ajiyewa, shi ya sa ko ka faɗaɗa taswirar ta kai girman bango ba ta dushewa. A nan na zauna da sunaye. Tsoffin takardun sun rubuta Zinder, Tessaoua, Tahoua, Niamey. Ni na rubuta Damagaram, Tasawa, Tawa, Yamai da manyan baƙaƙe, na sa rubutun Faransanci ƙarami a ƙarƙashinsu don mai neman gari a wata taswirar kada ya ɓata. Wasu nau'o'in rubutu ba su da ɗ da ƙ da ƴ, in ka buga Maraɗi sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar sunan. Noto Sans na ɗauka, shi ma kyauta ne kuma yana da ƙugiyoyinmu duka. Rana guda na ɓata ina matsar da sunan Katsina don kada ya hau kan Jibiya. A kusurwar ƙasa na sa mabuɗin layukan da Hausa, na rubuta godiyar da OpenStreetMap ta shar'anta, na ƙara da cewa jan fallen daga bakin masu saurare ya fito.

Yanzu kwafi ɗaya na manne a bangon ɗakin watsa shirye-shiryenmu. Wani malamin tarihi ya karɓi fayil ɗin ya buga wa ɗalibansa, ya kuma dawo mini da tambaya kan wata tasha tsakanin Gusau da Ƙauran Namoda da yake ganin ta ɗan gusa daga mazauninta. Muna kan dubawa tare. Fayilolin duka na bar su a buɗe bisa sharaɗin da na same su, duk mai so ya ɗauka ya ƙara, musamman mutanen Gaya da Diffa, waɗanda na tabbata suna da hanyoyin da ba su shiga jan fallen ba tukuna. In akwai tsoho a gidanku da ya taɓa kai kaya bakin dogo, ku tambaye shi zangon da suka kwana da sunan rijiyar da suka sha ruwa, ku rubuta kafin a rasa.

A jadawalin da ke bayan taswirar, gaɓar Jibiya zuwa Maraɗi tana da faɗinta, tana da tsawonta, tana da inda na samo labarinta. Gurbin shekarar buɗewa ne kawai babu komai a ciki. Ranar da jirgi ya tsaya a Maraɗi aka sauke buhun farko, zan buga lambobi huɗu a wurin, layin kuma ya koma baƙi da kansa.